Ganyen Sulhu a Ƙofar Madafina

Wata daga cikinku ta aiko mini da saƙo, wai in yi haƙuri, suruki ai ɗa ne. To na ji. Ke ma ki ji nawa. Ɗan da na haifa da cikina bai isa ya yi abin da Anye ya yi mini a tsakar gidana ba, balle wanda na ɗauki 'ya na ba shi. Ni Ngum, matar marigayi Tse, ban taɓa ɗora ɗuwawuna a bencin makaranta ba, amma in an taka ni na san ƙafar da ta taka. Ku gyara zama in ɗauko muku daga tushe, don kada sababbin zuwa su ce tsohuwa tana faɗa babu dalili.

'Yata mace ɗaya ce, Swiri. Malama ce, da takardarta. Lokacin da harbe-harbe suka hana yara zuwa makaranta a Bamenda, ita da mijinta Anye suka kwaso 'ya'yansu suka dawo gidana a ƙauye, shi kuma ya wuce Duwala yana tuƙa motar kaya. Tun daga nan Swiri take koyar da yaran a falona. Da ƙura ta ɗan lafa aka buɗe makarantu, sai suka ce a'a, hanya ba ta da tabbas, kuma gara yaran su tashi da tsoron Ubangiji a gaban uwarsu. Niyya ce mai kyau. Sai dai niyya ba ta ɗauko ruwa daga rafi.

Ku zo ku ga gidan nan da hantsi. Nde babban yana faɗa da lissafi kamar lissafin ya zagi ubansa. Mambo tana kuka an ɗauke mata fensir. Azeh ya tsoma littafin karatu a ruwan wanki don ya ga ko zai yi iyo. Jaririya tana goye tana jan kitson uwarta. Ga tukunyar gwaza a wuta, ga ganyen miya na njama-njama ba a tsince ba, ga ayar haddar mako a manne a bango. "Mama! Mama! Mama!" Daga wayewar gari har kaji su shiga akurki. Ko bayan gida ta shiga, a bakin ƙofa suke tsayawa suna kawo mata ƙara.

Abin da ke cina shi ne na san yarinyar nan kafin haka. Tana budurwa takan zauna a madafina, kusa da duwatsun murhu, tana ɓare gwaza tana magana da Yesu kamar maƙwabcinta ne da ya leƙo ta katanga. Har dariya take yi a cikin addu'a. Ubanta yakan tsaya a waje ya kasa kunne, ya ce mini, "Ngum, wannan ba mu muka yi ta ba, aro aka ba mu." Yanzu kuwa tana koya wa yara Zabura da murya irin ta mai kiran fasinja a tasha. Ina kewar 'yata, jama'a, alhali kwano ɗaya muke ci.

Shi kuwa ogan, Anye, kullum safiya sai waya ta yi ƙara. Ayar mace tagari, hoton fure, sannan: "Maman Nde, an gama darasin jiya? Turo mini hoton aikinsu." Ita kuma ta gyara ɗankwali, ta share ido, ta ɗauki murya: "Muna lafiya lau, Baban Nde, mun gode wa Allah." In muryar ta yi rawa ta goge ta sake, ta goge ta sake, har sai ta fita sumul. Da kunnena na ji.

Wata rana da azahar na neme ta na rasa. Na duba ɗaki, na duba lambu. Ina na same ta? A bayan garken aladu, a tsugune, Littafi Mai Tsarki a rufe a cinyarta, ƙudaje suna yawo a kanta.

"Ke! Me kike yi a cikin ƙazanta?"

Ta ɗago a firgice. "Mami, rage murya."

"In rage murya a gidana? Na ce me kike yi?"

"Nan ne kaɗai ba sa biyo ni," in ji ta. "Warin yana korar su."

Ban san lokacin da na juya ba. Na ɗauki adda na gangara bakin rafi, na saro nkeng, ganyen sulhu, irin wanda ake kafawa a gonar da ake rigima a kanta, ba mai sa ƙafa sai dattawa sun zauna. Na share madafina, na ajiye kujerar katako ta ubanta kusa da murhu, ƙarƙashin masarar da ke shan hayaƙi. Na tona rami a bakin ƙofa na kafa ganyen. Sannan na tara jikokina.

"Kun san wannan?"

"Mun sani, Kaka."

"To daga yau, in an ci abincin rana uwarku za ta shiga nan. Wanda ya tsallake ganyen nan, ba da ni yake ba, da ƙauye gaba ɗaya yake."

Azeh ya ɗaga hannu kamar a aji. "Ko da Mambo ta mare ni?"

"Ko kunnenka ta cire, ka riƙe shi a hannu ka kawo mini."

Swiri ta biyo ni tana raɗa. "Mami, Anye ba zai so wannan ba."

"Anye yana Duwala. Shiga."

Kada ku zaci tana shiga sama ta buɗe. Kwanakin farko barci take yi, baki buɗe, ta fito da shatin kujera a kumatu tana jin kunya. Daga baya na fara jin kuka, irin wanda ake toshe baki da zani. Ina zaune a waje da jaririya a cinya ina tsince wake, ban leƙa ba, ban tambaya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sannu a hankali kukan ya ragu, sai shiru. Wata Lahadi na daka achu, sakwararmu ta gwaza, ta sa yatsa ta share miyar tas, ta miƙo ganyen ayabar da ta ci a kai ta ce, "Mami, da saura?" Na juya baya na zuba mata don kada ta ga idona.

To, kun san akwai wancan tsohon. Pa Awasom, mai unguwarmu, wanda matarsa ta rasu, mai kurmin tukurwa a kan tudu inda yake tatsar bammi. Tun daminar bara yake bina. Da ya ji labarin ganyen sai ga saƙon murya:

"Ngum, na ji kin zama alƙali a gidanki. Madalla. Kin sama wa 'yarki wurin hutawa, ke fa? Gidana shiru kamar majami'a ranar Talata. Na gyara barandar, na sa kujera biyu. Ɗayar tana ta tambayata ina mai ita."

Na mayar masa: "Ka gaya wa kujerar ta nemi aikin yi."

Amma na sake saurara kafin in ajiye wayar, kuma ba ruwanku. Na taɓa zama a barandar nan. Ana ganin kwari har ƙarshensa, ba abin da ake ji sai iska a cikin tukurwa. Ni ma mutum ce. Tun da Tse ya tafi ba wanda ya tambaye ni ko na gaji. Sai dai in na hau tudu, wa zai riƙe jaririya?

Ana cikin haka Anye ya dawo, babu sanarwa. Achaɓa biyu: ɗaya shi, ɗaya farin allo da sababbin bencina a ɗaure. Farar riga a goge, takalmi yana ƙyalli, ga ɗan ƙarfe mai tambarin sabuwar majami'arsu ta Duwala a ƙirji, don an kusa naɗa shi dikon, mai hidima a majami'a. Ya rusuna ya gaishe ni yadda ya kamata, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya kawo mini busasshen kifi da atamfa. Swiri tana cikin madafi a lokacin, yara suka rufe shi da murna.

"Mami, na zo da albishir," in ji shi. "Na yi magana da maƙwabta. Za su riƙa turo yaransu Maman Nde ta haɗa da namu. Hidimar Ubangiji ce. Falon ya yi kaɗan, sai mu mayar da madafinku aji, ni kuma in kawo muku murhun gas."

"Ka tambaye ta?"

"Ai kullum muna magana. Lafiya lau take."

Sai idonsa ya sauka kan ganyen. Fuskarsa ta canza kamar ya ga maciji.

"Wa ya kafa wannan?"

"Ni, mai gidan."

"Mami, da girmanku? A gidan da ake koya wa yara Maganar Allah? Wannan kayan kakanni ne. Mun fito daga duhu."

"Duhun wa? Ranar godiyar kaka, me matan zumunta muke riƙewa muna rawa har gaban bagadi? Ranar aurenka, me aka ɗaura a ƙofar majami'a? Lokacin ba ka ga duhu ba, amarya kake hange."

"Fastonmu ya koya mana…"

"Fastonku yana da madafi a nan?"

Ya taka, ya sunkuya, ya tumɓuke ganyen da hannu ɗaya, ya wurga shi kan juji. A gaban jikokina. Nde ya toshe bakinsa. Ni kuwa na ji kamar zanina aka kwance a kasuwa.

Ƙofar madafi ta buɗe. Swiri ta fito, ta dubi ramin, ta dubi mijinta. Ina jiran ta buɗe baki. Sai ta yi wannan murmushin na waya.

"Sannu da zuwa, Baban Nde. Ba komai, dama na gama."

Wannan "ba komai" ya fi tumɓukewar yi mini ciwo.

Na ɗaura zanina na zumunta mai ruwan ɗorawa, na tsinci ganyen daga juji, na hau tudu. Na tarar da Pa Awasom yana wanke gorunan bammi. Yana ganina ya washe baki.

"Kujera ta yi addu'a an amsa."

"Rufe bakinka, tsoho. Ba wurin Awasom na zo ba, wurin mai unguwa na zo. Ga shi." Na ajiye ganyen a gabansa.

Dariyar ta ɗauke. Ya daɗe yana kallonsa. "Wa?"

"Surukina."

"Ngum, in na zauna a kan magana, ba na sanin fuskar kowa. Har taki."

"Dama ban ce ka sani ba."

Aka sa Litinin, tunda saboda rikicin ƙasar nan ranar ba mai fita ko'ina. Aka zauna a gidana ƙarƙashin bishiyar fiya. Pa Awasom ya zo da baƙar rigarsa mai aikin zare ja da rawaya, da hularsa mai jan gashin tsuntsu, dattawa biyu a bayansa. Na so in ce rigar ta yi masa kyau, na haɗiye. Anye yana gefe a kan ɗaya daga bencinan da ya kawo. Swiri tana kan tabarma da jaririya, kanta a ƙasa. Ganyen yana kwance a tsakiya, ya fara yaushi.

Na faɗi tawa, ban rage ba. Anye ya faɗi tasa, da ayoyi. Daga ƙarshe ya ce, "Amma tunda ran Mami ya ɓaci, zan ba da kaza da goran bammi kamar yadda aka saba, a wuce wurin."

"Riƙe kazarka," na ce. "Na yi maka kama da mai kwaɗayin romo? A mayar da ganyena inda yake, a bar wa 'yata ɗakin."

Pa Awasom ya ɗaga hannu. "Matar Tse." Da na ji ya kira ni haka na san babu wasa. "Ina da tambaya. Nkeng ba kwaɗo ba ne da ake rufe ƙofa da shi. Tsakanin mutum biyu masu rigima ake kafa shi, ya tsaya har su shirya. Wanda ya tumɓuke irin wannan, ya yi wa gari laifi. Amma in kin kafa shi ne kawai don tsorata yara, to ciyawa ya cire, ke kuma kin yi wasa da abin da ba na wasa ba. Faɗa mini: su wa ke rigima a ɗakin nan?"

Jama'a, bakina ya mutu. Ni da ba a taɓa rufe mini baki a kasuwa ba. In ce ni da Anye? Lokacin da na kafa yana Duwala. In ce Swiri da 'ya'yanta? Ƙarya ne, kuma yaran suna leƙe ta taga. Na harari tsohon, ya kawar da ido. Anye ya gyara wuyan riga, ya fara numfashin wanda ya ci shari'a.

"In babu," in ji Pa Awasom, "to magana ta…"

"Akwai, Pa."

Swiri ce. Ba ta ɗago ba.

"Ni ce. Ni da Allah."

Tsit. Har jaririyar ta saki nono.

"Maman Nde, me kike faɗa?" in ji Anye.

"Bar ni in gama, don in na tsaya ba zan iya ci gaba ba." Muryar tana rawa, kuma yau babu gogewa a sake. "Tun kafin a haifi yarinyar nan ban yi addu'a ba. Ina buɗe baki, kalmomi suna fita, yara suna cewa amin. Amma ni ba na ciki. Fushi nake da shi. Na ce masa, na ba ka aikina, na ba ka barcina, na ba ka jikina, ina koyar da 'ya'yan nan sunanka, kai kuma ko lokacin da zan gaishe ka ba ka bar mini ba. Sai na daina yi masa magana. Ina karanta musu ‘Ubangiji makiyayina ne', a raina ina cewa, ina kwantaccen ruwan da ka ce? Ni ban gan shi ba."

Ta share hanci da bakin zani.

"A ɗakin Mami ne na fara gaya masa haka gatse-gatse. Ban ce mun shirya ba. Amma mun fara zama wuri ɗaya. Ranar da ka zo, ina tsakiyar magana."

Na so in tashi in rungume ta. Ashe duk zaman da nake a waje ina tsince wake, abin da ke gudana ke nan. Ni na ɗauka gajiya ce.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?" Muryar Anye ta koma ƙarama.

"Kullum ayar mace tagari kake turowa. Ta ina zan fara?"

Pa Awasom ya cire hularsa, ya sosa kai, ya mayar. Ya yi ƙus-ƙus da dattawan, sannan ya ce, "Wannan rigimar ta fi ƙarfin kujerata. Ban isa in kira ɗayan ya zo ya zauna ba. Amma rigima ce, kuma ba a gama ta ba. Don haka ganye ya koma inda yake har su biyun su shirya. Hannun da ya tumɓuke shi ne zai dasa. Ba na tilasta wa mutum abin da ya ce imaninsa ya hana. In ka ƙi, ka ƙi, gari ya ji. Na gama."

Da zai wuce ta gabana ya rage murya. "Kin ga ban san fuskarki ba."

"Na gani. Saura kaɗan ka kashe ni."

"Ita nake so ta yi magana, ba ke ba. Ke ai ba a rasa taki."

Suka tafi. Aka bar mu da ganye a ƙasa. Anye bai taɓa shi ba. Aka ci abincin rana, shi ko loma uku bai kai ba. Da aka kwashe kwanuka Swiri ta miƙe za ta nufi falo ta ɗauko littattafai, sai ya ce, "Ba can ba." Ya karɓi jaririyar daga hannunta, riƙon ma bai iya ba. Ya ja bencinsa sabo fil, ya gitta shi a bakin madafina, a kan ramin, ya zauna. Ta tsaya tana kallonsa. Ya matsar da gwiwa ya ba ta hanya. Ta shiga, ta ja ƙofa.

Ba a daɗe ba Mambo ta taho a guje. "Mama! Azeh ya…"

"Mamanku ba ta nan," in ji shi. "Ni ne nan. Me Azeh ya yi?"

Kada ku yi saurin tafa masa. Ni ban tafa ba. Na ɗauko ganyen, na tsoma gindinsa a ruwa, na kawo na ajiye daidai ƙafarsa, kusa da takalmin nan mai ƙyalli wanda jaririya ta riga ta yi wa tumbuɗi. Na zauna a kan turmi ina fuskantarsa.

"Mami," ya ce, bai dube ni ba. "Ranar Alhamis zan koma. In na tafi, wa zai zauna a nan?"

"Shi ya sa ake dasa ganye, ɗana. Ba ya zuwa Duwala."

"In labari ya kai can cewa na dasa wannan da hannuna, ba za su naɗa ni ba."

"Na sani."

Sai wayarsa ta ɗauki ƙara a aljihu, waƙar majami'a da ƙarfi. Ya zaro. Ba na karatu, amma na ga hoton wani mutum da jar kwat da makirufo, na san fastonsu ne. Anye ya dubi wayar. Ya dubi ƙofar da matarsa ke ciki. Da sauri ya danne ƙarar, ya kife wayar a kan benci.

Tana ta motsi a kife, tana kaɗa katakon a hankali. Bai ɗauka ba. Ganyen ma bai ɗauka ba. Ni kuma ban karɓi kaza ba, kuma ba zan tashi daga kan turmin nan ba sai na ga wanda hannunsa zai fara taɓawa.